Yadda Na Fassara "Allah Ya Isa"

Ban yi karatu mai zurfi ba. Na zo Alƙahira da niyyar karatu, abin ya gagara, na koma ɗaure wa 'yan kasuwarmu kaya a unguwar Ainu Shams. Abin da na iya tun ina saurayi a Kaduna shi ne busa usur a wasan ƙwallon kwando. Shi ya sa idan ɗalibai baƙi suka shirya gasa tsakanin gidajen kwanansu, ni ake kira. Mu biyu muke alƙalanci, ni da wani Bamisire mai koyar da motsa jiki. Yana ce mini kaftin, ina ce masa ustaz.

Muna da ƙa'ida. In ɗayanmu ya busa, ɗayan ba ya musa masa a gaban 'yan wasa, ko da ya ga akasin haka. Sai an tashi mu shiga ɗan ɗakin da ake ajiye ƙwallaye, mu tura ƙofa, kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani. Abin da aka faɗa a ɗakin nan, a nan yake kwana.

A 2013 ne, lokacin da gari ya yi tsami. Motocin soja a bakin tituna, ana tsayar da ƙananan bas ana duba takardu. Baƙon da iƙamarsa ta ƙare, wato takardar zama, ko burodi ba ya son fita saye. Ɗalibi kuwa ba a sabunta masa ita sai gidan kwanansa ya shaida yana ciki kuma ba shi da laifi. Kowa ya san haka. Ni ma na sani.

Ran nan wasan 'yan Nijeriya ne da 'yan Senegal. Tun farkon wasa 'yan Senegal ke gunaguni wai ina kare nawa, maganar kuma ta tsaya mini a rai. Dab da tashi, wani dogon ɗalibi daga wajen Gusau, mai ladabi, wanda kullum yake rusuna mini, ya tsaya ƙarƙashin kwando yana tsaro. Ɗan Senegal ya taho da gudu ya bangaje shi, suka zube tare. Dokar a nan ƙafa take bi: in mai tsaro ya riga ya kafe ƙafafunsa, laifin na mai gudu ne, in yana motsi, nasa ne. Ni wani ya tare mini, ban ga ƙafafun ba. Na busa, na nuna ɗan Gusau. Da wannan laifin adadin laifuffukansa ya cika, doka ta ce ya fita.

"Baba, ƙafata a ƙasa take," ya ce. "Wallahi ban motsa ba."

"Fita."

"Tambayi ustaz mana, ga shi can, a gabansa aka yi."

Ustaz ya duƙar da kai yana gyara igiyar usur. Daga benci wani ya ɗaga murya: "Baba, a haɗa maka kuɗin tabarau ne?" Wani ya ce usur ɗin ma ya tsufa. Aka kwashe da dariya. Ɗalibin bai yi dariya ba. Ya dube ni, ya ce a hankali, "Allah ya isa."

Duk Bahaushen da ke wurin ya yi tsit. Sauran suna ta tafi, ba su san an faɗi komai ba.

A ɗakin ƙwallaye ustaz ya ce, "Ya kaftin, ƙafarsa a kafe take. Ma'alish, ba komai, yana faruwa da kowa." Sannan ya ce, "Amma me ya gaya maka? Na ga fuskarka ta canza."

Na ce, "Zagina ya yi."

Zagin alƙali ba ya tsayawa a fili, dole ya kai wurin shugaban gidan kwanan mai laifin. Aka kira mu ofishinsa, ni da ustaz da ɗalibin. Ɗalibin ya yi bayani da Larabcinsa mai kyau, ya ce ma'anar maganar Allah ya ishe shi, ya bar wa Allah ke nan. Shugaban ya juyo gare ni.

"Kai ne babba, harshenku ɗaya. Haka ne?"

"A wurinmu ta fi haka nauyi," na ce.

"Ɗa yana faɗa wa ubansa ita?"

"A'a."

Ban yi ƙarya ba ko sau ɗaya, kuma wannan shi ya fi damuna. Na san akwai tambayar da ta rage: me ya sa ya faɗa? Bahaushe ba ya wannan magana sai an zalunce shi ya rasa mai bi masa hakki. Babu wanda ya tambayi ƙafafu. Ustaz yana zaune, ya riƙe ƙa'idarmu, yana jira in buɗe baki da kaina.

Aka fitar da shi daga gidan har ƙarshen shekarar karatu. Ya koma unguwar Faisal wurin 'yan garinsu, babu shaidar da zai sabunta iƙama. Kafin sanyi ya shigo aka sauke shi daga bas a wani shinge. Ya jima a tsare, sannan aka mayar da shi gida, karatu bai ƙare ba.

Sai a lokacin na koma wurin shugaban na faɗa masa zancen ƙafafun. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Khalas, ya Hajj, an rufe. Ba ku ne ke cewa usur ba ya komawa ba?" Ustaz kuwa da na fassara masa maganar yadda take, ya daɗe yana kallona, ya ce ai wannan ba zagi ba ne, uwarsa ma kullum sai ta faɗa wa mai sayar da gas irinta. Bai sake kirana wasa ba, ni ma ban nema ba.

Ita wannan magana, wanda ya faɗe ta shi kaɗai ke iya janye ta. Na sha aika saƙo ta bakin masu zuwa Gusau, amsa ba ta zo ba. Ranar da aka kore shi, da muka fito daga ofishin, ɗalibin ya riƙe mini ƙofa, ya rusuna kamar kullum, ya ce, "A sauka lafiya, Baba." Na tsaya ko zai ƙara wani abu. Ya wuce tattara kayansa.