Mma da Ƙofar Gaba

Shekarar da aka ba ni gidan gwamnati a tsohuwar unguwar Turawa ta Tamale, buri ɗaya ne a raina: in ɗauko mahaifiyata daga zango, unguwar Hausawa. Mma muke ce mata. Ciwon sukari ya kumbura mata ƙafa, famfon gidanmu kuwa in ka murɗa sai ya yi tari ya yi shiru. A sabon gidana ruwa na zuwa. Bututun da Bature ya shimfiɗa wa kansa har yau bai ɓata hanya ba.

Mma ta riga ni sanin unguwar. Babanta wanki da guga yake yi wa Turawa, ita ke ɗauko kayan a ka. Tsakanin gari da gidajensu an bar fili, an hana gini, wai kada sauron da ya cije mu ya ƙarasa gare su. Baƙin mutum ta baya yake shiga, ya fice kafin magariba. Kuku kaɗai ke kwana, a wani ɗan ɗaki bayan gida.

Na kawo ta ina ta cika baki. Ta sauka, ta dubi baranda, sai ta ja ƙafa ta zagaya.

"Mma, ga ƙofa nan!"

"Wannan na masu gida ne."

"Ni ne fa mai gidan."

"To, Allah sa albarka," in ji ta, ba ta ko juyo ba.

Rana na yin sanyi ta ɗaure ƙunshinta, wai a mai da ta zango. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira limami ya sa baki. Da ƙyar ta yarda ta zauna, amma a ɗakin kuku. Gadon da na saya mata na nan cikin gida da ledarsa. Wallahi na tsani mutanen da ban taɓa gani ba. Sun tafi tun tana budurwa, sun bar mini dokarsu a jikin uwata.

A ɗakin kukun nan ta cika, da damina. Da mata suka gama yi mata sutura, masu ɗaukar makara suka nufi lungun gefen gida, don ya fi kusa da titi. Na tare su. Na sa aka janye kujerun falo, aka buɗe ƙofar gaba duka ɓangare biyu.

Sau ɗaya Mma ta bi ta nan, kuma ba da ƙafarta ba.