Laftof Ɗin da Ba a Kashewa

Har yau ban manta da ranar da Baba Adamu ya shigo shagona rungume da laftof a buɗe ba. Damina ce, ban daɗe da samun 'yanci daga wurin maigidana ba, na kama ɗan shagon gyaran kwamfuta ni kaɗai a bakin hanyar Shabu. Iyalina suna Kano. Wani lokaci nakan yini ban yi magana da kowa ba sai mai kawo mini abinci.

Dattijo ne, ya sauka daga acaɓa ya lulluɓe laftof ɗin da leda, murfin a tsaye. Na ce a raina, ga wani mai ɓata kaya ya ce gyara ne bai yi ba. Na miƙa hannu zan rufe murfin, ya riƙe mini hannu.

"Oga, abeg, kar ka rufe shi. Kar ka kashe shi kuma."

Sikirin ɗin ya cika da layuka kore da ja, hoto yana rawa. Ku da kuke koyon aikin nan, ku riƙe wannan: kafin ku ce sikirin ya mutu, ku jona injin da wani allo na waje. Idan hoto ya fito garau a can, injin lafiyarsa ƙalau, matsalar tana sama. Haka na yi, hoto ya fito tas. Na ɗan motsa murfin gaba da baya, layukan suna ɓacewa suna dawowa. Nan na gane fileks ne, wato siririyar wayar da ke kai hoto daga injin zuwa sikirin ta cikin maƙalar murfi. Maƙalar ta saki, tana cizon wayar.

"Baba, ta sikirin kake ɗaukarsa ko?"

"E mana. Daga ɗaki zuwa baranda, daga baranda zuwa ɗaki."

Na ce masa gyaran ba shi da wuya, amma dole in kashe laftof ɗin in cire batir, don taɓa fileks da wuta a jiki yana iya ƙone injin gaba ɗaya. Sai ya zauna a kan benci.

Laftof ɗin na matarsa ne, malamar makaranta, ta rasu kafin azumin da ya wuce. Ita kaɗai ta san faswod ɗin buɗe shi. Ranar da aka tafi da ita asibiti ta bar shi a kunne, shi kuma tun daga ranar bai bari ya mutu ba. In an ɗauke wuta, ya jona da ƙaramar solar gidan. A ciki akwai bidiyonta a gona, tana dariya, tana kiran sunansa. Yaransu duk suna Abuja da Legas.

"Da shi a gabana nake cin abinci," in ji shi. "In ya mutu, shi ke nan, ba zai sake buɗuwa ba."

Wallahi na gane abin da yake nufi, don ni ma hoton 'yata nake jinginawa a jikin kwano in zan ci tuwo. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, batir ɗin kuwa ya tsufa, ba ya riƙe caji. Na fita da gudu cikin yayyafi na ja janareta, ya ƙi, na sake ja ina zaginsa har ya tashi.

Da allon wajen nan na yi aiki. Na kwashe bidiyo da hotunan da ke ciki duka zuwa filash, na sake zuba su a kwamfutata don kar a samu akasi. Da yake shafinta a buɗe yake, na buɗe masa nasa shafin marar faswod a cikin injin, na zuba komai a ciki. Na kunna masa ɗaya ya gani da idonsa.

"To Baba, yanzu zan kashe."

Ya miƙe. "Ka kashe. Ni zan tsaya a waje."

Na daɗe ina kashe injinan mutane, amma ban taɓa jin nauyin danna maɓallin kashewa kamar ranar ba. Fankar injin ta yi shiru. Na cire batir, na buɗe gefen sikirin, na sa wani fileks daga wani mataccen laftof irinsa, na ɗaure maƙalar. Duk tsawon lokacin yana tsaye ƙarƙashin rumfa, ya ba ni baya.

Da na kunna, sunaye biyu suka fito, nata da nasa. Na danna nasa, na kunna bidiyon, fuskarta ta bayyana ba layi ko ɗaya. Ya daɗe yana kallo. Da na koma kan sunayen, ya nuna nata da yatsa.

"Wannan fa?"

"Ba zai buɗu ba, Baba. In kana so in goge shi."

"A'a. Ka bar shi kusa da nawa."

Na nuna masa yadda zai riƙa ɗaukarsa ta ƙasa da hannu biyu. Ya rufe murfin da kansa, a hankali, ya rungume laftof ɗin ya hau acaɓa. Na koma na zauna a shagon da ba kowa, na kira gida, ba a ɗauka ba.

Tun daga ranar, komai sauƙin gyara, ba na kashe injin kowa sai na tambaye shi wa ya kunna shi.