Layin 'Yata Ya Zauna Fari

Shekarar da 'yata ta shiga aji biyu a makarantar koyon kwamfuta a nan Garwa, ɗan wan mijina ya zo daga garin Gidar ya zauna wurinmu, don shi ma can yake karatu. Ya girme ta da shekara biyu, amma ajinsu ɗaya. Yaya take ce masa.

Malaminsu ya ba su wani aiki da na daɗe ban gane kansa ba. Wai akwai wata manhaja ta waya wadda ba ta da mai ita. Kowa a duniya yana iya shiga ya gyara inda ta lalace, ko ya ƙara abin da babu. Na ce ashe gayya ce. 'Yata ta ce haka ne, sai dai wannan gayyar tana da mai sa ido: wani shafi da malam yake buɗewa, kowane ɗalibi da layinsa. Duk ranar da ka tura gyara, sai ɗan gida ɗaya a layinka ya yi kore. Da shi za a ba da maki a ƙarshen zango, wanda layinsa ya zauna fari kuwa zai maimaita shekara.

Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koyi rubuta sunana. Amma kore da fari ba sa buƙatar dogon karatu.

An haɗa su biyu-biyu, ita da yayan nata. Ranar da ta gama gyaranta na farko ta kira ni in ga yadda ake turawa. Na ce ta dakata. A gidan nan ko tsokar nama babanta zai aika wa maƙwabta daga mahauta, da sunan wansa ake kaiwa. Haka muka taso.

"Ki ba yayanki ya tura," na ce mata.

"Inna, na'urar nan ba ta san wa da ƙanwa ba."

"Malamin ai mutum ne, shi ya sani."

Yarinya ce mai biyayya, abin da ya ja mana ke nan. Kullum ta gama sai ta zuba aikin a ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, wanda suke ce wa kile, ta miƙa masa, shi kuma ya tura da sunansa.

Sati shida ana haka. Layinsa ya yi shar kamar fadamar albasa a bakin Binuwai, nata kuwa fari fat. Malam ya riƙa yabonsa a gaban aji. Yaron nan har tafiyarsa ta canza, ya fara cewa a rage masa yaji a miya don kada ya taɓa masa tunani.

Sai wani daga cikin masu kula da manhajar, can wata ƙasa, ya aiko da tambaya kan ɗaya daga cikin gyare-gyaren. Malam ya ji daɗi, ya ce gwanin aji ya tashi ya ba da amsa kowa ya ƙaru. Ya tashi, ya tsaya yana duban allo har aka kaɗa ƙararrawa. Da ya dawo gida da azahar, rigarsa sharkaf da gumi, bai ko tambayi abinci ba.

"Inna, yau na gane ni ma'aikacin gidan waya ne kawai," ya ce mini.

Washegari na yafa mayafina na bi su makarantar. Malamin ya fara da Faransanci, na mayar masa da Hausa, muka haɗu a Fulatanci. Na gaya masa laifin nawa ne, na yi masa bayanin naman maƙwabta. Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce ya yarda da ni, amma abin da shafin ya nuna shi ake dubawa, saura kwana goma sha biyu a rufe. In ta yi sabon aiki da sunanta, zai karɓa. Yayan nata kuwa a sake masa layi, ya fara daga fari.

Kwanakin nan ban bari ta taɓa ko tsintsiya ba. Na kafa kujera a bakin ƙofa, ƙawayenta in sun zo in ce tana nan amma ba ta nan. Babanta, wanda bai taɓa tambayar me take karantawa ba, yana shigowa kafin ya ajiye wuƙaƙensa sai ya ce, "Yau an yi kore?" Ranar da aka ɗauke wuta, shi ya ɗauke ta a babur zuwa shagon abokinsa mai janareto.

Gida goma ta cika cikin sha biyun. Malam ya ce makin bai kai abin da ya kamace ta ba, amma ya isa ta wuce. Yayanta ma ya wuce, da ƙyar, da gida huɗu nasa na kansa. Da na ce mata ta yafe mini, sai ta ce ta yafe, amma in shekara ta kewayo aka sake haɗa su, tana roƙona in tsaya a kan harkar miyata.