Inna Sai-ka-ci da Lambun da Suka Zuba wa Siminti

Ƙarfe shida saura, kafin masu shara su iso, Inna takan shigo ta ƙofar baya ta cibiyar jinyar masu shanyewar ɓarin jiki. Ba madafa take fara shiga ba. Sai ta rataye jakarta a ƙusar taga, ta tuɓe takalmi, ta ɗauki garwa ta zagaya baya, inda take da kunya takwas tsakanin katanga da tankin ruwa. Alayyafo, tumatur, albasa, karas, kabeji, da kabewa guda da ta haye katanga. Ta ba su ruwa, ta tsince tsutsa da hannu, ta yanko abin da za ta dafa a ranar. Sannan ta wanke ƙafa, ta ɗora tukunya. Kafin bakwai da rabi ƙamshin albasa ya kai ɗakin maza, ya tashi wanda ma bai yi niyyar tashi ba.

Shekara talatin da ɗaya tana haka. A takardar aiki sunanta "mai dafa abinci ta biyu". Mai dafa abinci ta ɗaya kuwa an yi shida a gabanta, kowacce ta zo ta tafi. Mu da muka kwanta a wurin Inna Sai-ka-ci muke kiran ta, don kalmar da ba ta rabuwa da bakinta ke nan.

Ni malamin makaranta ne. Ina tsaye gaban allo alli ya suɓuce daga hannuna, na sunkuya in ɗauka, sai farkawa na yi a gado, hannun dama da ƙafar dama sun zama kamar na aro. Wata bakwai na yi a cibiyar. Makon farko na juya fuska ga bango na daina cin abinci. Matata ta yi kuka, likita ya yi faɗa, duk a banza. Rana ta huɗu wata gajeriyar dattijuwa ta shigo da kwano, ta ja kujera ta zauna.

"Malam, an ce kana fushi da abincina."

Na ce ba da abincinta nake fushi ba. Bakina a karkace yake lokacin, da ƙyar maganar ta fito.

"To da wa? Da Allah?" Ta ƙara da cewa, "In da Shi ne, ka ci ka ƙoshi ka sami ƙarfin kai ƙara. Wannan alayyafon da safen nan na yanko shi. Mako shida ina korar fara a kansa saboda kai, ban ma san ka ba. Sai ka ci."

Ba ta ba ni a baki ba. Ta damƙa min cokali a hannun hagu, ta zauna tana saƙa, ba ta ko kallona. Rabin miyar a rigata ya ƙare. Da na gama ta ɗauki kwanon ta ce, "Rigar ma ta ƙoshi. Gobe kai kaɗai za ka ci."

Bayan mako biyu ta sa aka turo ni a keke har bakin lambun. Ta ce ciyawa ta yi mata yawa, ita kuma bayanta ya tsufa. Na nuna mata hannuna. Ta ce, "Ciyawa ba ta tambayar wane hannu ya cire ta." Ba ni kaɗai ba ne ashe. Akwai wani direban babbar mota da ke ɗaure tumatur a jikin sanda, da wani tsohon ɗan sanda da aikinsa kawai ya riƙe tiyo. Mutanen da a ɗaki sai an juya su an goge musu baki, a nan suna gardama a kan wa ya taka albasa.

Ranar Alhamis da la'asar kuma saƙa ce, a barandar madafa. Ulun da take kawowa na tsofaffin rigunan sanyi ne da take warwarewa a gida, ta wanke, ta dunƙule. Da farko mazan suka ƙi. Direba ya ce shi da ya yi shekara ashirin yana murza sitiyari ba zai ƙare da aikin mata ba. Inna ta ce, "Sitiyarin yana nan yana jiran ka. Amma yatsun da ba su iya riƙe tsinke ba, da me za su murza shi?" Shi ne ya fara gama hula a cikinmu, mai kama da buhu, ya kuma sa ta a kansa har aka sallame shi.

Babbar ma'aikaciyar jinya ta ba ni labarin wata tela da aka kawo kafin zuwana, matashiya mai 'ya'ya uku. Ta yi wata biyu ba ta ce uffan ba, sai hawaye. Inna ta riƙa zama kusa da ita tana saƙa, kuma da gangan take kuskure, ta tsallake ido, ta cukurkuɗa zare. Rannan telar ta kasa haƙuri, ta fizge saƙar ta ce, "Ba haka ba ne!" Kalmominta na farko ke nan. Ma'aikaciyar ta ce da idonta ta gani, har ta fita baranda ta yi kuka. A fayil ɗin telar an rubuta cewa magana ta dawo "bayan magani". Ba a rubuta Inna ba.

Ke ce, Inna, wadda ta san wanda ba ya iya haɗiye sai an dama masa, da wanda gishiri zai kwantar da shi, da wanda kunya ke hana shi neman ƙari, ki zuba masa ba tare da kin kalle shi ba. Ke ce uwar marasa ƙarfi, mai ludayin da ba ya zaɓen kwano. Ba ki taɓa kiran abin da kike yi magani ba. Cewa kike yi, "Ni daɗinsa nake ji." Daɗin ganin iri ya tsaga ƙasa, daɗin jin cokali yana kankare gindin kwano.

Yanzu ku saurari abin da aka saka mata da shi.

Bara aka kawo sabon manaja. Mutum ne mai son tsabta da fenti da hoto. Ya zagaya cibiyar, ya ga lambun, ya ce yana tara sauro kuma yana ɓata fuskar wuri. Ana gina sabon ɓangare, manyan baƙi za su zo buɗewa, motocinsu na buƙatar wurin tsayawa. Bai kira Inna ya faɗa mata ba. Ya jira har ta ɗauki hutun kwana biyar, 'yarta ta haihu, sannan ya turo ma'aikata. Tumatur yana jajir a jikin sanda suka bi ta kansa. Tsohon ɗan sandan nan, wanda ya dawo cibiyar a yi masa gashin ƙashi, ya tare su da kekensa yana ihu da rabin baki, aka tura shi ɗaki aka ce jininsa ne ya hau.

Mai gadi ya faɗa min yadda ta dawo. Ta rataye jaka, ta tuɓe takalmi, ta ɗauki garwa ta zagaya, sai ta tarar da siminti, an ja masa farin layi. Ya ce ta daɗe a tsaye da garwar a hannu. Daga nan ta juye ruwan a gindin katanga, ta koma ta ɗora tukunya, don mutum arba'in suna jiran karin kumallo.

Wane irin mutum ne zai jira tsohuwa ta tafi ganin jikanta sannan ya yi mata wannan? Ɓarawo ma da ya shiga gona yakan bar wa mai ita iri.

Ranar buɗe sabon ɓangaren ina wurin, an gayyace mu mu tsofaffin majinyata don a nuna mu. An gode wa ɗan kwangila, an gode wa masu fenti, an gode wa wanda ya kawo rumfa. Baƙi suka ci abinci suka yi santi, wata ma ta tambayi wane otal ne ya dafa. Inna tana madafa tun asuba, gumi har ido. Babu wanda ya ambace ta. Mako biyu bayan nan masinja ya miƙa mata takarda a bakin murhu: shekarunta sun cika, an kuma ba wani kamfani aikin abinci. Ko kujera ba a ba ta ta zauna ta karanta ba.

Na je ofishin manajan da sandata. Na ce, "Yallaɓai, ka san wadda ka sallama?"

Ya ce, "Malam, ka'ida ce. Kowa yana ritaya."

Na ce ritaya ba laifi ba ce, amma lambun fa? Saƙar Alhamis fa, da ya hana?

Ya gyara zama ya ce, "Nan cibiyar lafiya ce, ba gidan kaka ba. Waɗannan abubuwan ba sa cikin tsarin jinya. Tsinken saƙa ma haɗari ne ga majinyaci."

Shekara talatin da ɗaya tsinken bai tsone idon kowa ba. Na ɗaga masa hannun damana, na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya a gaban fuskarsa, na ce ya nuna min shafin tsarin da ya buɗe su. Ya duba agogo, ya ce yana da taro.

Ban raina likitoci ba, ban raina masu gashi ba, sun yi min aiki kuma ina gode musu. Amma likita minti biyar yake yi a kanka. Sauran yinin kai ne da silin, da tunanin cewa ka zama kaya. Wanda ya sa ka ji kana da amfani a wannan dogon yinin, shi ya ba ka dalilin jure gashin. Yanzu abinci yana zuwa cikin roba, a mota, ya huce, iri ɗaya ga mai haƙori da marar haƙori. Ma'aikaciyar jinya ta ce rabi a kwandon shara yake ƙarewa. Wanda ya juya fuska ga bango kuwa, a rubuta "ya ƙi abinci", a ɗauke robar.

Kuna tsammani ta zauna a gida? Alhamis ta farko bayan sallamar ta zo da jakar ulu. Mai gadi ya tare ta, idonsa a ƙasa, ya ce an ba shi umarni, wanda ba shi da katin aiki ba ya shiga sai lokacin ziyara, kuma ban da kayan saƙa.

Ta ce, "Kar ka damu, ɗana, aikinka ne. Titin ma na manajan ne?"

Ya ce a'a.

Ta tsallaka ta zauna a bencin mai gyaran takalmi, ƙarƙashin bishiya, ta fito da saƙarta. Wata mai jinyar mijinta ta hango ta, ta turo shi a keke. Mako na gaba keke uku. Yanzu sukan kai tara, a jere a bakin titi, ƙura na bi ta kansu, motoci na yi musu hon, ga baranda can ciki babu kowa sai tukwanen furen roba.

Na same ta a gida kwanan baya. Ɗaki ɗaya ne da ɗan tsakar gida, ta cika shi da tsofaffin bokitai da gwangwanaye, kowanne da abin da ya tsiro a ciki. Na ce mata zan rubuta, zan tona musu asiri. Ta ce, "Malam, fushin nan naka zai mayar da kai gado, ni kuma ba ni da madafar da zan biyo ka da kwano." Na ce ita ba ta ji zafi ba ne? Ta murza ƙasa a yatsu. Can ta ce, "Na ji. Da sun faɗa min, da na cire irin kabewar nan. Daga wurin mahaifiyata na samo shi, ba ni da wani." Iyakar ƙarar da ta kai ke nan. Ta ajiye min kwano a gaba.

Ita ta iya haɗiye abin. Ni ban iya ba, kuma ba na so in iya.

Inna, mun gode. Ni da direba da tela da tsohon ɗan sanda, da ɗaruruwan da suka fita daga wurin nan da ƙafarsu ba su san wa za su gode wa ba. Ba mu da rumfa, ba mu da lasifika, ga iyakar abin da muke da shi. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya ba ki masu yi miki yadda kika yi mana.

Ku kuma masu karatu, kar ku ce "Allah sarki" ku juya shafi. A wurin aikinku akwai wadda ke bayan wata ƙofa tana irin wannan, ku shiga ku gaishe ta tun ba a miƙa mata takarda ba. Wanda yake da maras lafiya a gida, ya dafa masa da hannunsa, ya zauna har ya ci, ya kuma ba shi ɗan aikin da zai yi, ko tsinkar ganye ne. Wanda yake da taku biyu na ƙasa ya shuka wani abu. Wanda kuma yake kusa, Alhamis ce, ƙarfe huɗu, tsallaken ƙofar cibiyar. Ku zo da tsohuwar rigar sanyi da za a warware, kowane launi. Ku zo da kujera, don bencin ɗaya ne, kuma damina ta kusa, har yanzu ba mu san inda za mu sa su ba in ruwa ya sauko.