Zanen da Malama Ba Ta Gyara Ba

Shekara ashirin Malama ta yi tana koyar da zane a makarantar bayan tasha. Ita ta dage har aka fara karɓar kurame, kuma tana alfahari da hakan.

Ranar da ta yi ritaya, wata tsohuwar ɗalibarta kurma, mai zanen allunan shaguna, ta zo gaishe ta. Ta rubuta mata a takarda: "Malama, kowa kina masa faɗa kan zanensa, ni kuwa sai ki shafa kaina ki wuce. Na so ki gyara min ko sau ɗaya."

Kunya ta rufe Malama, ta kasa ɗaga kai. Ta yi ta lalube a ranta, amma ko zane ɗaya na yarinyar ba ta tuna ba.