Baba Kyari da Ciyawar Turawa

Duk wanda ya san ƙanen mahaifina Baba Kyari a Gure ya san ba ya fashin kallon balo, wato ƙwallon ƙafa, a rumfar mai shayi, alhali ko sunan ɗan wasa ɗaya bai sani ba. Makiyayi ne, ciyawa yake zuwa kallo. In ƙungiyar nan ta Turai da gari ya haukace a kanta tana wasa a gidanta, har ƙofar tele yake jan kujera.

Ran nan aka zura ƙwallo, rumfa ta kaure da ihu, wanda ya ci ya ruga ya sulale da gwiwa. Baba ya miƙe zumbur.

“Kai, ɗan banza! Ku dubi abin da ya karce! Abincin maraƙi na yini guda!”

Mushe Isufu, malamin lakwal, wato makarantar boko, da aka turo mana daga Tawa, shi ya ƙara lalata zance. Ya ce ai kullum shayar da filin ake yi, in ciyawar ta taso a aske ta da inji.

“Madalla. Shanun wa ke ci?”

“Babu, Baba. Zubarwa ake yi.”

Kwana uku bai amsa gaisuwar Mushe ba, sai ka ce shi ke tuƙa injin.

Shekarar da damina ta yi gardama shanunsa suka ƙare, saura Fara, wadda ya raina tun tana maraƙa. Sai ga shi a gidana da ƙwaryar dabino.

“Ɗana, ka iya faransanci. Rubuta wa masu filin nan su ɗura mini askin a buhu. Ba roƙo nake ba, ga dabinon kwarinmu, musaya ce.”

Na rubuta ina danne dariya, har ya dangwala yatsa. Yana fita na jefa takardar a akwatin kayana, dabinon kuwa muka cinye.

Kowace ranar kasuwa sai ya leƙo. “Sun amsa?”

“Hanya da nisa, Baba.”

“Ka dai sa musu da ƙyar Fara ke tashi?”

Ta mutu saura ƙiris ruwa ya sauka. Tun daga ranar, in ana wasan ƙungiyar sai ya zo ya juya wa tele baya, ya yi ta faɗa.

“Masu kuɗin banza! Ba su ba ka ciyawa ba, ko ‘mun gani’ ba su iya cewa ba!”

Mu kuwa mu yi ta sheƙa dariya, har da ni, marar kunya! Na san buhu ba zai taɓa zuwa ba, amma da na faɗa masa gaskiya da ya sayar da ita tun tana tsaye. Yau in na tuna, haushin kaina nake ji, ba na Turawa ba. Shekara huɗu yana zagin mutanen da ba su san yana duniya ba, har ya koma ga Allah bai san takardarsa ba ta bar ɗakina ba.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka kabarinka. Ni kuma Allah ya sa ka yafe mini.