Ƴan Barkar da Na Aika wa Komi

Sawun na fara gani kafin in ga mutumin. Ina kan hanyar rijiya da hantsi sai na ga wani layi a kan rairayi, ya ratsa sawun raƙuma da na awaki, da zane kamar na gefen ƙwarya, ya lanƙwasa ya nufi bayan gari. Na tsuguna na duba. A Dakoro ta lokacin, shekarun farko bayan tafiyar Nasara, abin hawa mai taya biyu da inji guda biyu ne kawai: mobilet ɗin likita mai siririyar taya, da jan motona. Wannan sawu kuwa faffaɗa ne. Nawa ne. Alhali motona yana kulle a farfajiyar biro, wato ofishin gwamnati, yana jiran lamba, ko kuma in ce haka aka gaya mini.

Ni ɗan gidan fatake ne. Mahaifina yana kai gero da gyaɗa Maraɗi, ni kuma nakan bi kaya har Kano. Duk tafiya sai na dawo da ƙananan littattafan nan da ake shimfiɗawa a kasuwa, labarin saurayin da ya ratsa daji a kan farin doki ya iso ƙofar masoyiyarsa, gari ya fito kallo. Na karanta su har suka cika mini kai. To, akwai wata bazawara a Kornaka mai sayar da man shanu, mai wushirya, wadda in ta yi dariya sai na manta abin da ya kawo ni kasuwa. Manemanta suna da yawa, kowa da rumbunsa ko garkensa. Ni abin da nake kai mata shi ne labari. Da na gaya mata na sayo moto daga Kano, ja, mai madubi biyu, sai ta ɗora ludayi a bakin ƙwarya ta dube ni.

"Kai dai bakinka da zaƙi," ta ce. "Bara ka ce mani ka ga gida bisa gida har hawa bakwai. Ka zo da shi in gani. In ka zo bisanshi kahin azumi, sai ka turo manyanka. In ba ka zo ba, na san labari ne kamar sauran."

Lamba daga Yamai take zuwa, ta biyo ta Maraɗi, amma takardun sai sun bi ta teburin komi, wato magatakardan biron kumandan mai mulkin yankin. Mutum ne siriri mai farar taguwa, alƙalami a bayan kunne, ba ya duban wanda yake yi wa magana. Ranar da aka sauke moton daga kamiyo, babbar motar kaya, ya zagaya shi, ya shafa madubi, ya ce doka ta hana abin hawa marar lamba ya taka ƙasa, saboda haka zai zauna a farfajiyarsu, makulli a wurinsa.

Daga nan aka fara. Na kawo hotuna, ya ce da hula na ɗauka, gwamnati tana son ganin kai. Babu mai hoto a Dakoro, na hau kamiyon gyaɗa na koma Maraɗi, na dawo da ƙeya a buɗe. Ya ce yanzu kuma tambur ya ƙare, wannan ɗan kan sarki da ake mannawa a takarda. Da tambur ya zo, ya ce hannun da mutumin duwan, mai karɓar kuɗin fito a kan iyaka, ya sa bai fito sosai ba. Wata rana na zauna a kan benci tun safe har aka tashi, yana ciki yana feƙe fensir, da ya fito ya ce, "A'a, ɗan Alhaji, kana nan? Ai da ka yi magana." Watan azumi yana matsowa, ni kuma duk ranar kasuwar Kornaka ina zuwa a kan jakin gidanmu, tana tambayata ko wannan ne jan.

Ranar da na ga sawun, na bi shi da la'asar har filin da ke bayan gari. Ga komi a kan motona, wando a naɗe, gardi mai tsaron biro yana tura shi, yana tangaɗi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Na ga ya faɗi da shi a kan gefen dama. Madubin ya fashe, na ji shi har cikin haƙorana.

Washegari na same shi a biro, na kira shi da lakabin girmamawar Faransanci da ake kiran ma'aikata da shi.

"Mushe, na ga motona a bayan gari."

"Ka gode mani," ya ce, yana juya takarda. "Injin da aka aje mutuwa yake. Ku ƴan kasuwa ba ku san mekanik ba."

Kafin mako ya zagayo ya iya. Ya daina ɓuya. Yana hawa zuwa masallaci, yana hawa zuwa wurin mahauta, ya sayi baƙin tabarau. Kai ƙara kuwa ba ta yiwuwa, domin duk mai son ganin kumandan sai ya bi ta teburin komi, shi ne kuma yake fassara, don a biro Faransanci ake yi. Mahaifina ya ce in yi haƙuri, muna da lasisin ciniki a hannun mutumin nan. Ni ko na kwanta na tashi da shi a raina. A littattafaina azzalumi yakan ƙare a rijiya ko a bakin takobi, na yi ta zaɓa masa, har na tsara kalmomin da zan faɗa yana durƙushe. Amma ba ni da takobi, kaza ma ban taɓa yankawa ba.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta ba ni abin da nake nema, ba tare da ta sani ba. Ta tare ni a ƙofar gida ta ce, "Ɗana, ashe komi ya yi sabon abin hawa, ba wanda ya hwaɗa muna mu tahi barka?"

Na buɗe baki in ce nawa ne, sai na rufe. A garinmu wanda ya yi sabon doki ko sabon raƙumi ba a barinsa haka. Ana zuwa a yi masa barka, a ce Allah ya sa a kashe lafiya, shi kuma dole ya ba da tukuici, kowa gwargwadon matsayinsa.

"Ya saya, Inna," na ce. "Yana ma jin haushi ba ku je ba."

Daga nan na wuce gidan shugaban maroƙa. Na ce masa abin kunya ne a ce babban ma'aikaci ya yi abin arziki garinmu ya yi shiru, kamar ba mu da makaɗa. Na je wurin zabiya, na je wurin sanƙira, na bi ta rumfar mahauta da maƙera da wanzamai. Kowa na ce masa komi mutum ne mai kunya, ba zai faɗa da bakinsa ba, amma hannunsa a sake yake.

Na sami gindin wata bishiyar bedi da ke fuskantar gidansa na zauna. Tsofaffin mata ne suka fara isa, da guɗa. A nan ne yake da damar kuɓuta, ya ce ba nasa ba ne. Na ga ya dubi moton, ya dubi matan, ya gyara tabarau, ya ce, "Na gode, na gode," ya aika a sayo goro. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba. Sai kalangu ya taso daga ƙasan gari. Sanƙira ya tsaya a tsakiyar hanya yana ihu, yana kiransa mai jan doki wanda ba ya cin ciyawa, angon hanya, wanda ya saya da guminsa bai ci na kowa ba. Komi ya ba da abin da ke aljihunsa. Ya shiga ya fito da riga. Ya ba da hula, ya ba da bargo. Mahauta suka zo, maƙera suka zo, wasu ma daga ƙauye da suka ji labari a kasuwa. Da hannunsa ya ƙare sai ya rufe ƙofa, maroƙa kuwa ba a rufe musu ƙofa. Yabo ya juye zambo. Da safe suka raka shi har biro, yana gaba a kan moto, suna baya da kiɗa.

Kumandan ya fito baranda. Ɗan ƙasa ne, tsohon malamin lekol, wato makarantar boko, mai magana a hankali. Ya saurari waƙar har ƙarshe, sannan ya ce da Hausa, don kowa ya ji, "Barka, mushe. Ni ma ban sani ba. Ina lambarsa?"

Komi ya fara wani dogon Faransanci. Kumandan ya juya ga gardi ya tambaye shi na wane ne. Gardi ya nuna ni da baki, ina tsaye a bayan makaɗa.

Lambar da aka yi wata da watanni ana jira ta iso da kamiyon wasiƙa na gaba. Saura kaɗan a ga watan azumi, na wanke moto, na sa farar riga, na cire fasasshen madubin na bar ɗaya, na kama hanyar Kornaka. Duk tsawon hanya ina ganin yadda za ta miƙe ta bar ƙwaryarta.

Tun daga bakin kasuwa na ji ana cewa, "Ga moton komi! Ga moton komi!" Waƙar ta riga ni zuwa. Mata masu daka sun ɗauke ta, masu jan ruwa sun ɗauke ta, kuma babu inda sunana ya fito a ciki. Na tsaya a gabanta na kashe inji. Ta dubi moton tun daga taya har madubi, ta yi dariyar nan tata.

"Aro ka yi?"

Na ciro katin moto na nuna mata. Ba ta yi lekol ba, ta riƙe shi a juye ta mayar mini.

"Ƙasa duk ta san mai shi," ta ce. "Har kiɗa aka yi mashi. Ka maida ma mutane abinsu kahin ka ɓata shi. Amma ka yi ƙoƙari, wannan karon labarin naka har da ƙara."

Na rantse, na kira shaidu, na ce ta aika Dakoro a tambaya. Ta ce kumandan da komi da ɗan Alhaji duk bakinsu ɗaya ne. Bayan salla aka ɗaura mata aure da wani mai rumbuna a Ajekoriya.

An ɗauke komi daga Dakoro aka tura shi can gabas, inda wasiƙa ma a kan raƙumi take zuwa. Daga baya na ji ya dawo Maraɗi, ya ƙara girma, ya yi ritaya, idanunsa suka mutu. Shekaru da yawa bayan haka, na riga na yi furfura, wani magidanci ya yi sallama a shagona. Ya ce shi ɗan komi ne, tsohon yana kwance, ya aike shi ya bi garuruwan da ya yi aiki ya nema masa gafara. Ya ce a Dakoro gidana aka fara kwatanta masa. Na sa aka kawo masa fura, na bar shi ya sha ya huta. Sannan na ce ya gaya wa mahaifinsa hawan moto na yafe, madubi na yafe, zaman benci ma na yafe. Ɗaya abin kuwa, ya jira ni can lahira mu yi maganarsa. Mutumin ya tambaye ni wane abu ne, na ce ba na ƴaƴa ba ne. A daminar nan tsohon ya rasu, aka binne shi a Maraɗi.